Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Cin Ribar Karɓar Baƙuncin Gasa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani malamin makaranta a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Bayan gaisuwa, yana cewa: "Ina ganin ƙasashe na rububin karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya da wasannin Olamfik. Shin riba ake samu, ko neman suna ne kawai?"

To Malam, mun gode. Riba kam akwai, sai dai ba aljihun mai masauki take fara shiga ba. Kaso mafi tsoka, wato kuɗin nuna wasanni a talabijin da na tallan manyan kamfanoni, yana tafiya ne wurin masu gasar, kamar FIFA. Shi mai masauki, nasa shi ne gina filaye, shimfiɗa tituna, samar da tsaro da wutar lantarki. Baƙi su yi wata guda su kama gabansu, bashi ya zauna.

Birnin Montreal na Kanada ya karɓi Olamfik a 1976, amma bai gama biyan bashin filin wasansa ba sai 2006, kuma da harajin taba sigari aka riƙa biya. Yaron da aka haifa a shekarar gasar sai da ya kai shekara 30 kafin garinsu ya huta. A Brazil kuwa, saboda gasar cin kofin duniya ta 2014 aka gina katafaren fili a Manaus, can cikin dajin Amazon, aka buga wasa huɗu kacal na gasar a ciki. Shi kuma na Brasiliya, babban birnin ƙasar, daga baya harabarsa ta koma wurin ajiye motocin safa.

Ba sai mun yi nisa ba ma. Najeriya ta gina babban filin wasa na Abuja mai ɗaukar mutum kusan 60,000 domin wasannin Afirka na 2003. Da aka watse, babu wata babbar ƙungiya da ke cika shi duk mako, ciyawar ta lalace, har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Amma dubi gidajen da aka gina wa 'yan wasa a wannan gasar, waɗanda ake kira Games Village. Yau unguwa ce sosai, da sassafe za ka ga yara da jakunkuna suna jiran motar makaranta. Ku ma a Nijar kun ga irin wannan, domin gidajen da aka gina a Yamai don wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disambar 2005 sun zama unguwar da jama'a ke zaune.

Ni a ganina, Malam, a nan ma'aunin yake: bayan an busa usur na ƙarshe, wa zai ci gaba da amfani da abin da aka gina? Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, ya karɓi kofin Afirka a 2000, kuma bai mutu ba saboda yana da masu shi. Ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, tun azahar hanya ta cika, mai rake na fere, mai ruwan leda na kai da komo, ihun "Sai Masu Gida!" na tashi har bakin titi. Los Anjeles ta Amurka ma da ta ci riba a Olamfik ɗin 1984, tsofaffin filayenta ta gyara ta yi amfani da su.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wata baiwar Allah mai sayar da abinci a Garwa, ƙasar Kamaru, garin da Super Eagles ta buga wasanninta na kofin Afirka a farkon 2022. Tana tambaya ko ƙananan 'yan kasuwa irinta na samun rabo a gasar kofin duniya.

Hajiya, wannan batu yana ci mini rai. FIFA kan shata iyaka a kewayen filin wasa, ta ce ba mai sayar da komai a ciki sai kamfanonin da suka biya ta. A Afirka ta Kudu a 2010, masu tuya da masu talla da suka daɗe suna neman abinci a bakin filaye an tura su nesa, a daidai lokacin da kasuwa ta fi ci.

Amma ba a ko'ina aka yi shiru ba. A birnin Salvador na Brazil akwai mata masu toya wani abinci da suke kira akaraje, wanda ba komai ba ne illa ƙosai, na wake da manja, da kakanninsu suka tafi da shi daga Yammacin Afirka zamanin cinikin bayi. Da aka nemi hana su, sai suka haɗa kai ta ƙungiyarsu, suka yi zanga-zanga, suka tara sa hannun jama'a, har aka ba wasunsu izinin kafa kasko a harabar filin. Saboda haka Hajiya, in kuna da ƙungiyar masu abinci a Garwa, ku riƙe ta da kyau, kuma duk ranar da kuka ji za a kawo wata gasa, ku nemi a rubuta muku wurin zamanku tun kafin a fara aza tubali.