Lacca Kan Halayen Man Haidurolik Yayin Aiki

Jama'a, assalamu alaikum. Halaye uku na man haidurolik, wato man da ke isar da ƙarfi a cikin injuna irin su katafila, na yi niyyar kawowa, kuma na farko, wanda ya fi damuna, shi ne kauri. Idan kun duba jikin duro za ku ga an rubuta ISO VG 32, ko 46, ko 68, wato kaurin man kamar yadda aka auna shi a zafin digiri 40 na ma'aunin Salsiyos. Amma inji ba ya tsayawa a digiri 40. Idan sanyi ya kama man ya yi kauri, famfo zai ja ya kasa samun isasshe, sai ƙananan kumfa su taso su riƙa fashewa a jikin ƙarfe, ku ji yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Duk wanda ya taɓa kwance irin wannan famfo ya ga cikinsa cike da ramuka, kamar an soka masa allura sau dubu. Idan kuma zafi ya yi yawa, man sai ya tsinke, ya riƙa sulalewa ta tsakanin sassan famfo da bawul, hannun katafila ya rasa ƙarfi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ku da ke baya, ku rubuta wannan: da zarar an wuce digiri 60, kowane ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar man. Saboda haka mai nagari shi ne wanda kaurinsa ba ya saurin sauyawa tsakanin sanyi da zafi. Na maimaita, kauri.

Na biyu shi ne ƙin matsuwa, wanda a kansa ƙa'idar Pascal take aiki, wato idan aka matsa man da ke rufe a gefe ɗaya matsin zai isa ko'ina a cikinsa daidai, kuma iska ce ke ɓata shi, domin da ta shiga sai silinda ta riƙa fizga. Na uku shi ne jituwa da robar toshe yoyo: Skydrol, wani man haidurolik na jiragen sama, yana lalata robar da man ma'adinai, wato wanda aka tace daga ɗanyen mai, ba ya taɓawa.

Na'am, Malam? Yana tambaya me ya sa man yake yin fari kamar madara. Ruwa ne ya shiga, ko iska. Ku ɗebi kaɗan a kwalba ku ajiye. Idan iska ce zai washe daga ƙasa zuwa sama, idan kuwa ruwa ne zai kwanta a gindi ko farin ya ƙi tafiya, to a nan sai a tsayar da injin a nemo ta inda ya shiga.