Didkot: inda faɗin layin dogo ya raba jiragen ƙasa biyu

Salamu alaikum ƴan uwa na Maradi, mutanen Bagalam da Mokoyo da Zariya, barkanmu da war haka. Yau ina Didkot, wani ƙaramin gari a Ingila kudu da Oksfod. Gidan tarihin jiragen ƙasa na nan yana cikin tsohon garejin kawunan jirgi na kamfanin Great Western, wanda aka gina a 1932. Ta cikin tashar garin ake shigowa, a bi wata hanya ta ƙarƙashin layi.

Kowa kan ruga wurin manyan kawunan jirgi masu tururi. Mu bari su tukuna, ku dubi ƙasa. Ƙarafa nawa kuka gani? Uku. Daga na farko zuwa na tsakiya milimita 1,435 ne. Daga na farko zuwa na ƙarshe kuwa 2,140. Ana awon ne daga ciki zuwa ciki, inda leɓen ƙafar jirgi ke gogawa, ba daga tsakiyar ƙarfe ba.

Brunel, injiniyan kamfanin Great Western, shi ne ya zaɓi mai faɗin, don jirgi ya zauna daram kuma ya yi gudu. Ya yi gaskiya, sai dai yawancin sauran kamfanoni sun riga sun bi awon wani injiniya, Stephenson, wato ƙaramin. To duk inda layukan biyu suka haɗu, tarago ba ya wucewa. Ga rumfar nan ta katako, ta 1863: layi mai faɗi a gefe guda, ƙarami a ɗayan, dakali a tsakiya. Ƴan dako su sauke kaya buhu-buhu, su sake lodawa. A nan kaya ke fashewa, wasu su ɓace, ga kuɗin dako sau biyu. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa juye wa kaya daga mota zuwa mota ya san zafin abin.

Majalisar Birtaniya ta yi doka a 1846 ta fifita ƙaramin, amma sai a watan Mayu na 1892 aka gama da mai faɗin. Kusanto da kyamara nan ku ga dabarar: ƙarfen yana kwance bisa dogayen katakai a tsawonsa, gajeru na gicce suna riƙe da tazarar. Sai a yanke na gicce, a tura gefe guda ciki, a ɗaure. Da haka ma'aikata sama da 4,000 suka sauya layin yamma da birnin Ekseta cikin ƙarshen mako ɗaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tsofaffin layukan Najeriya, har wanda ya tsaya Ƙauran Namoda, 1,067 ne. Na Kwatano zuwa Paraku mita ɗaya cif. Wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi kuma 1,435. Awo uku ke nan, ba taragon ɗaya da zai hau na wani.

Kuma awon ba ya tsayawa da kansa. A kwana, inda layi ya lanƙwasa, ƙafar jirgi na tura ƙarfen waje; in maɗaurai sun saki ko an kwance su, tazara ta buɗe, ƙafa ta faɗa tsakiya. Sai zafi: ƙarfe mai mita 100 kan ƙaru da kusan santimita 3 da rabi in zafinsa ya hau da digiri 30. Ku auna da ranar watan Afrilu a wurinmu. Tsakuwar nan da ke gefe ita ke danne layi kada ya lanƙwashe, saboda haka wanda ya ɗebe ta don gini ya taɓa ran fasinja. Yashi ma in ya cika ta, ruwa ba ya tsiyayewa, layi ya lotsa da damina.

Mu je cikin garejin yanzu, an hura wuta a cikin kan jirgi guda tun da asuba.