Kyamara ɗaya, aiki biyu: ɗaukar hoto da bidiyo da DSLR

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar hoto a Kumasi, na Aboabo da Asawase da Sawaba da kewaye.

A yau da wuya a kira ka biki ko suna a ce hoto kaɗai ake so. Uwar amarya na son wanda za ta rataya a falo, ƙawaye na son bidiyon da za su tura WhatsApp, kai kuma kyamara ɗaya ce a wuyanka. Za ta iya. Tun 2008, da Nikon ta fitar da D90, Canon ta biyo baya da 5D Mark II, kyamarorin DSLR, wato masu madubi a ciki da ake sauya wa lens, ke ɗaukar bidiyo. Sai dai saitin da ke fitar da hoto tsaf, shi ne ke ɓata bidiyo.

Cire lens, ka leƙa ciki. Ka ga madubin nan da ke karkace? Shi ke tura haske sama zuwa tagar da kake kafa ido, ya kuma tura wani ƙasa zuwa na'urar da ke kama fokas da sauri. Da ka juya zuwa bidiyo, madubin ya ɗage sama ya tsaya can. Taga ta yi duhu, na'urar fokas ta daina samun haske, sensa, wato farantin da ke kama hoton, da allon baya suna aiki ba hutu. Shi ya sa batirin da ke kai ka yamma a hoto ba ya kai azahar a bidiyo. Riƙe uku, ka riƙa kashe allon tsakanin ɗauka da ɗauka, domin zafi ma yana sa kyamara ta kashe kanta.

Sai shota, wato tsawon lokacin da haske ke sauka a kan sensa. A hoto, taka ce, ka juya ta yadda kake so: 1/250 ga masu tafiya, 1/500 ga masu rawa. A bidiyo kuwa ɗaure ta ake yi. Ka'idar ita ce ka ninka adadin firam, wato hotunan da ke jeruwa su zama bidiyo, sau biyu. In kana ɗaukar firam 25 a daƙiƙa, shota 1/50. In firam 50 ne don ka sassauta motsi daga baya, shota 1/100. Ka bar ta a 1/1000, hannun mai kiɗa zai riƙa tsalle-tsalle a allo kamar ana yanka motsin da almakashi.

Wannan 25 ɗin yana da dalili. Wutar Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100, ido ba ya gani amma sensa na gani. Kyamarar da aka kawo daga Amurka, inda wuta ke kan 60, sau da yawa a kan firam 30 da shota 1/60 take zuwa. Ka shiga da ita ɗakin amarya, sai ka ga baƙaƙen layuka suna gangarowa a bango. Kyamarar lafiyarta ƙalau. A Canon shiga menu ka mayar da tsarin bidiyo daga NTSC, na Amurka, zuwa PAL, mai firam 25, a Nikon ka zaɓi 25p kai tsaye. In an ɗauke wuta an tayar da janareta, sake gwadawa, don ƙaramin janareta ba ya tsayawa daram a kan 50. Ɗauki daƙiƙa goma, ka duba, ka matsa shota kaɗan har layukan su ɓace.

To tunda shota a ɗaure take, ya za ka yi da ranar tsaka? A ISO 100 da shota 1/50, rana mai ƙarfi tana tilasta maka tsuke ƙofar haske zuwa f/22. A nan komai na bayan amarya zai fito rangaɗaɗau, har da bokitin wanke-wanke, kuma duk ƙurar hunturu da ta zauna a sensa za ta bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. A hoto ɗaya ka goge ta cikin minti guda. A bidiyo tana cikin kowane firam. Maganin shi ne filtar ND, baƙin gilashi da ake ɗaurawa a bakin lens. Daga f/22 zuwa f/4 mataki biyar ne, wato ND32. Kana son f/2.8, sai ND64. Duba cikin murfin lens, za ka ga faɗin bakinsa, 52 ko 58 ko 67, ka sayi daidai da shi. A ganinmu, mai ɗaukar bikin waje ya fara sayen wannan filta kafin ya yi tunanin sabon lens.

Launi ma haka. Hoto ka ɗauke shi a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, in ya yi ja ko shuɗi ka gyara a kwamfuta ba asara. Bidiyon DSLR a matse yake fitowa, gyaransa kaɗan ne. Kada ka bar daidaita fari, wato white balance, a otomatik, don da ka juya daga rana zuwa ƙarƙashin jar rumfa, fuskar ango za ta sauya launi a tsakiyar ɗauka. Sa 5500K a rana, 3200K a ƙwai mai jan haske. A rumfa kuwa, ɗauki farar takarda a daidai inda mutane za su zauna, ka saita da ita. Ka kuma lura da farar shadda a jikin baƙar fata: kyamara tana ganin farin ta rage haske, fuska ta nutse. Yi aiki a M, inda kai ke saita komai da hannu, ka auna haske daga fuska, sannan ka kunna gargaɗin ƙonewar fari don kada aikin wuyan riga ya ɓace.

Fokas a tsofaffin DSLR, in ka bar wa kyamara, sai ta yi ta kai da komo, ƙarar injin lens kuma tana shiga sauti. Sai daga 70D ta 2013 Canon ta kawo Dual Pixel, tsarin fokas da ke bin fuska sumul. In taka ta girme wannan, mayar da lens kan MF, wato fokas da hannu, ka zuƙo allon sau goma a kan ido, ka saita, sannan ka danna. Lens na 50mm a f/1.8 yana da daɗin kallo, amma liman ya ɗan sunkuya ya fita daga fokas. Tsaya a f/4. Ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, kuma in za ka juya ta, juya a hankali, in ba haka ba ginshiƙai za su karkace, saboda sensa daga sama zuwa ƙasa take karanta hoto.

Sauti shi ne abin da iyali ba sa yafewa. Makirufon cikin kyamara numfashinka yake ji, da ƙarar adaidaita a titi. Sa na waje a ramin 3.5mm, ko ka ajiye rakoda kusa da mai addu'a, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don haɗa sauti da hoto wajen tacewa. Kashe otomatik na sauti, ka bar ma'aunin ƙararsa yana taɓa -12.

Memori ya zama mai alamar U3 ko V30, ka kuma yi masa fomat a cikin kyamarar. Yawancin DSLR suna tsayawa da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, wasu tsofaffi ma da fayil ya kai 4GB. Kafin a fara siga, tsayar ka sake dannawa.

Kada ka ce za ka ciro hoto daga bidiyo ka wanke babba. Firam na 1080 megafiksel biyu ne kacal, hoton kyamarar kuwa 18 ko 24. Tun kafin taro ka raba: addu'a da siga da kiɗa na bidiyo ne, jerin dangi da kwalliyar amarya na hoto.

Wurin sauyawa ake yawan yin ɓarna. Ka gama bidiyo a 1/50, ka juya hoto ka manta, duk hotunan rawa su fito dishi-dishi, ga filta har yanzu a bakin lens. In kyamararka na da guraben ajiye saiti, C1 da C2, ko U1 da U2 a Nikon, ajiye saitin hoto a na farko: RAW, 1/250, fokas otomatik. Na bidiyo a na biyu: firam 25, 1/50, fari a kulle. In ba ta da su, rubuta lambobin nan a ɗan salatif ka manna a ƙarƙashin allo, inda babban yatsanka zai riƙa taɓawa.