Zanen Ɗusi da haruffan Kofanikus

Binta: Jama'a barkanmu da war haka. Malam, tun makon jiya masu sauraro suke ta turo mana hotunan nan biyu, da'ira ƙarama a cikin babba, ɗaya na Nasiruddin Ɗusi, masanin taurari na Farisa, ɗaya na Kofanikus, masanin taurari na Turai. Wasu sun riga sun yanke hukunci, wai Kofanikus kwafa ya yi daga Ɗusi.

Malam Sani: A bi a hankali, Malama Binta. Nasiruddin Ɗusi ya kawo dabarar a littafinsa Tahrirul Majisɗi a 1247, ya faɗaɗa ta a wani littafinsa, Tazkira, a 1261. Faɗin ƙaramar da'irar rabin na babbar ne, tana juyawa da ninki biyu na gudun babbar, ta saɓanin inda babbar ta nufa. Sai ɗigon da ke bakinta ya riƙa kai da komo a miƙaƙƙen layi. Zanen ya sake bayyana a littafin Kofanikus na 1543, kashi na 3, babi na 4. A 1973 masanin tarihin kimiyya Willy Hartner ya nuna cewa haruffan da ke jikin zanen biyu ma sun zo wuri ɗaya: alifun A, ba'un B, dalun D. Amma inda Ɗusi ya sa zayun, Kofanikus F ya sa.

Auwal: Wato kuskuren karatu.

Malam Sani: Haka George Saliba, shi ma masanin tarihin kimiyya, ya ce. A rubutun Gabas duka biyun ɗigo ɗaya gare su a sama. Alƙalami ya ɗan cika tawada, kan zayun ya kumbura, sai ka rantse fa'un ce.

Auwal: To ai a rubutunmu na allo ba za a yi wannan ba, ɗigon fa'un a ƙasa yake.

Malam Sani: Madalla! Namu irin na Magariba ne. Kuma bambancin bai tsaya nan ba, har hisabi ya shafa, wato lambar da kowane harafi ke wakilta. Sadun a Gabas 90 ce, a Magariba 60. Sinun a Gabas 60, a wajenmu 300. Ka ba ɗan Fas jadawalin taurari na Bagadaza, in bai lura ba ya kai tauraro wani buruji.

Binta: Jimun da ha'un kuma fa?

Malam Sani: 3 da 8, ɗigo ɗaya ya raba su. Shi ya sa masu rubuta jadawali suke datse wutsiyar jimun. A Girkanci ma alfa da delta, 1 da 4, sun yi ɓarna a jerin taurarin Baɗlamus, masanin taurari na zamanin da.

Binta: Mu koma kan zanen, Malam. Yaya ake yin sa?

Malam Sani: Mai kwafi yakan fara da rubutu, ya bar fili. Zane daga baya yake zuwa, sau da yawa da hannun wani, wani lokaci ma filin haka zai zauna fayau. Mai zanen zai kafa ƙafar kamfas, ramin na nan a takarda in kika ɗaga ta wajen haske. Zai ja layi da tsinke babu tawada, ya bi da jar tawada, haruffa kuma da baƙa. Ɓarnar tana farawa in filin ya yi kaɗan: a matse da'ira, layin da ya kamata ya shafi gefenta sai ya yanka ta. Wanda bai fahimci hujjar ba kuma gyaran ido yake yi. Alwatika mai ɓangarori mabambanta sai ya daidaita su don ta yi kyau, ɗigo biyu da ke kusa su haɗe. Na bayansa ya kwafe hakan da amana.

Auwal: Ni littafin taurari na Abdurrahman Sufi ne ke ba ni tausayin masu kwafi. Siffofin taurari 48, kowace sau biyu, yadda take a sama da yadda take a jikin ƙwallon tagulla, hagu ta koma dama.

Malam Sani: Na wajen shekarar 964 ke nan. A musanya taken hotunan biyu kawai, mai duba sama ya nemi tauraro a ɓangaren da ba ya nan.

Binta: To hukunci, ya kwafa ko bai kwafa ba?

Malam Sani: Akwai rubutun Girkanci a Batikan mai ɗauke da zanen, masanin tarihin kimiyya Neugebauer ya nuna shi. Amma masu ja suna cewa duk mai bin A, B, C a jere zai iya faɗawa kan haruffa masu kama, kuma kwafe-kwafen Tazkira kansu ba su daidaita ba. Ni na fi karkata ga cewa zanen ya isa Italiya, inda Kofanikus ya yi karatu, sai dai harafi ɗaya ba ya...

Binta: Lokaci ya ci mu, Malam. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.