Man da ba ka gani a faranti: lacca kan ƙiyasin kalori a gidan abinci

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna jina ko? To madalla. Yau maganar ta masu rubuta abin da suke ci ce, waɗanda suka sa manhaja a waya suna lissafin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, in a gida aka ci komai ya tafi daidai tunda ga sikeli ga kwalin kaya, amma ranar da aka shiga gidan abinci sai lissafi ya watse.

Manyan kamfanonin abinci masu rassa da sauƙi. A Amurka tun Mayun 2018 duk mai rassa 20 ko fiye dole ya rubuta kalori a jerin abincinsa, Ingila ma ta bi sahu a Afrilun 2022 ga masu ma'aikata 250 zuwa sama. Amma ɗan gidan abinci na mutum ɗaya, daga shi sai kukunsa, dokar ba ta hau kansa ba, kuma ko ka tambaye shi wallahi shi ma bai sani ba, hannu ne ke awo. Masu bincike a Jami'ar Tufts sun sayi abinci daga irin waɗannan gidaje a Boston da San Francisco da Little Rock suka auna a ɗakin gwaji, sakamakon ya fito a 2016, faranti ɗaya a matsakaici kusan kalori 1,200. Faranti ɗaya fa.

To ya za a yi? Kar ka kalli farantin a dunƙule, rarraba shi a ido, in da hali ka ɗauki hoto kafin ka sa cokali don mutum da ya ƙoshi sai ya manta tulin da ya share. Dafaffiyar shinkafa daidai dunƙulen hannunka kusan kofi ɗaya ce, wajen kalori 200. Nama daidai tafin hannu ban da yatsu wajen giram 100, in ƙirjin kaza ne gasasshe ba fata kalori 165, in soyayya ce da fatarta ta haura 250.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne mai. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne, na mai kuwa 9, shi yasa babban cokali ɗaya na mai ke kaiwa 120, kuma kuku ba da cokali yake zubawa ba, kwalba yake karkatawa kan kasko yana hira. Shinkafa kana ganinta, nama kana ganinsa, shi kuwa mai ya shige cikin miya, ganye ya shanye shi, har kana murna kai ka ci ganye. Ku dinga duba gindin farantin in kun gama, in yana ƙyalli ko ka karkata shi ka ga abu na gangarawa, to ka san labarin. Ni dai al'adata duk abin da na ƙiyasta sai na ɗora cokali biyu na mai a kai, in soyayye ne uku. Lemon gwangwani ma a rubuta shi, wajen 140 ne, mutane na tsallake shi kamar ruwa suka sha.

Sai kuma manhajar, kana rubuta sunan abinci za ta jero maka goma, wani 400 wani 900, kuma kowa ƙaramin yake dannawa, ni ma na yi, kar ku yi dariya. Ku ɗauki na tsakiya zuwa sama, ko ku nemi makamancinsa na wani babban kamfani.

Na'am Hajiya, tambaya ce? Wai in an yi kuskure fa? Ai za a yi, ko abin da aka buga a jikin kwali a Amurka an yarda ya kauce da kashi 20 cikin ɗari. Ki riƙe hanya ɗaya ta ƙiyasi, ki dinga hawa sikeli da safe na sati uku ko huɗu, in manhaja ta ce ya kamata ki ragu amma nauyi na nan daram, to ki ƙara cokali ɗaya na mai a lissafin ranakun da kika ci a waje ki sake dubawa. Malam na can gefe, miƙa masa makirfon.