Ɗakunan tarihin da muke wucewa kullum a Legas

Wannan laccar an yi ta ne a Agege ranar wata Lahadi bayan la'asar, a zaman da matasan unguwa suka saba shiryawa. Na saurari rikodin ɗin na rubuta yadda malam ya faɗa, sai 'yan wuraren da ƙarar janareto ta danne magana.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamaina, iyaye mata da ke can baya, da ku ƙannena da kuka gayyace ni, sannunku da zama, na san wasu rufe shago kuka yi kuka zo, Allah ya mayar da alheri.

Bari in fara da tambaya. Waye a nan ya taɓa shiga gidan tarihin Onikan, wanda yake kusa da filin Tafawa Ɓalewa? A ɗaga hannu in gani. Uku... huɗu da na baya can. Toh waye ya taɓa bi ta Obalende ko ya sauka a TBS, wato filin Tafawa Ɓalewan? Kun gani ai, kusan duk ɗakin. Ni ma haka nake, na fi shekara goma a garin nan ina bi ta ƙofar wurin ban taɓa leƙawa ba, sai da wani baffana ya zo daga Kano ganin likita, da ya samu sauƙi na ce Baffa ina kake so in kai ka, bakin teku ko kasuwa, ya ce a'a ɗana, kai ni in ga motar Murtala. Muka je. Baƙar marsandi ce, tana nan da hujin harsasai a jikinta, ita ce yake ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 lokacin da su Dimka suka buɗe masa wuta a Ikoyi yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan, yana da shekara 37 a duniya, dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa shi ma a nan ya rasu. Baffa ya tsaya ya daɗe bai ce komai ba, can sai na ji yana salati a hankali. Wallahi jama'a duk shekarun da na yi ina kashe naira ashirin mai hotonsa ban taɓa jin mutumin nan a raina ba kamar ranar.

Shi Onikan ai babba ne, na gwamnatin tarayya, tun 1957 aka buɗe shi, har kawunan Nok na yumɓu da aka tono a kudancin Kaduna akwai a ciki. Abin da na zo da shi yau ƙananan ne, masu ɗaki ɗaya ko biyu, wani a cikin gidan mutane yake ana shanya kaya a tsakar gida, wani allo ne kawai a bakin titi da rana ta cinye rubutunsa. Mu da yawanmu mun ɗauki Ikko wurin nema ne kurum, a tara a aika gida, in sallah ta zo a hau tirela ko lagzuriyas a tafi, toh amma sawun kakanninmu yana garin nan tun kafin a haɗa Najeriya a 1914, kuma a waɗannan ƙananan wuraren ne za ka gan shi.

Mu je Badagiri, don a can zan fi daɗewa. Ku 'yan Alaba Rago kuna kan titin ma, in aka tashi daga Mile 2 aka wuce ku aka wuce Okokomaiko da Agbara, miƙewa ce kawai har garin, kafin a kai iyakar Seme. A bakin ruwa akwai wani gida da ake kira barakun na Seriki Abass, wato inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ku saurari sunan da kyau, Seriki, ai Sarki ne namu Yarbawa suka ara. Shi mutumin Bayerabe ne, aka kama shi yana yaro aka sayar wa wani Musulmi mai suna Abass, daga nan aka sake sayar da shi ga wani ɗan Birazil mai suna Williams, ya dawo ya zama shi ma dillalin bayi, daga baya ya zama Seriki Musulumi na Badagiri, ya rasu a 1919. Ɗakuna arba'in ne a gidan, zuri'arsa suna zaune a mafi yawansu har yau, kaɗan aka bari yadda suke don masu zuwa kallo. Na shiga ɗaya aka ja ƙofa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da 'yar taga can sama, ko minti biyu ban yi ba gumi ya jiƙa min riga, mai zagayawa da mu ya ce mutum arba'in ake zubawa a ciki. Ya nuna mana sarƙoƙin wuya da mari na ƙafa, ya ɗora min ɗaya a kafaɗa, ya nuna wata lema da tangaran da kwalabe ya ce da irinsu Turawa suke musayar mutane. Can gaba kaɗan akwai na gidan Mobee, ɗaki ne guda, shi ma ƙarafa ne har da wanda ake huda leɓe a sa kwaɗo a rufe bakin mutum.

'Yata ƙarama tana tare da ni, lokacin tana aji huɗu, ta ja min riga ta ce Baba waye ya sayar da su? Jama'a wannan tambayar ta fi ƙarfen nauyi. Don gaskiya ɗaya ce, Bature bai cika shiga cikin ƙasa ya kamo da kansa ba, a bakin teku yake jira, mu baƙaƙe mu muke kawowa, kuma Bahaushe yana cikin waɗanda aka ɗaure yana kuma cikin waɗanda suka yi fataucin. Ban ɓoye mata ba. Bayan jihadin Shehu na 1804 yaƙe-yaƙe sun yi yawa, aka riƙa gangarowa da kamammu ta ƙasar Nufe da Oyo zuwa Ikko da Badagiri da Porto Novo, daga nan sai Bahia a Birazil, kuma Hausawan da aka kai can ba su kwanta ba, a 1807 aka gano suna shirin tawaye a birnin Salvador, a 1814 suka tashi, sannan a 1835 cikin watan azumi Musulmi bayi, mafi yawansu Yarbawa da Hausawa a cikinsu, suka yi babban boren da har yau ake karantarwa a can. Da aka caje gawarwakin sai ga layu da takardu da rubutun Larabci. Almajirai ne fa irin ni da ku, sun yi karatun allo, wataƙila wani daga Gobir wani daga Zazzau. Idan ka ƙetara ruwa a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu ka taka yashin nan da ƙafa har bakin teku inda suke kira wurin da ba a dawowa, ka tuna akwai wanda ya bi hanyar nan yana kuka da Hausa.

A hanyar akwai wata rijiya, za a ce maka duk bawan da ya sha ruwanta mancewa yake da gida. Ni dai na ɗauke shi labarin baka, kuma ga shawarata gare ku matasa, ku saurari mai zagayawa da ku da ladabi don sana'arsa ce kuma ya san abin da ba ku sani ba, amma ku riƙa aunawa. Misali akwai wani gidan bene a bakin ruwan da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, an rubuta cewa shi ne bene na farko a Najeriya. Wani abokina Bakatsine da ya karanta sai ransa ya ɓaci, ya ce ina aka bar hasumiyar Gobarau da ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, ina aka bar sorayen Kano? Gaskiyarsa, na ce masa, na farko ne a irin ginin Turawa, amma kar wannan ya hana ka hawa. Mun hau kuwa, muka ga tsohon Baibul na Yarbanci a ɗakin da ake dangantawa da limamin Kirista Ajayi Crowther, wanda shi ma bawa ne aka ceto daga jirgi yana yaro. Addininmu daban, amma maƙwabtanmu ne, sanin abin da suke girmamawa yana gyara zama.

Kuma daga Badagirin nan ne Bature Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a 1827. Waye tafintansa? Wani Bagobiri ne, Abubakar, Turawa suna ce masa Pasko, shi ma an taɓa sayar da shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku. Ba domin bakinsa ba da me Baturen zai yi magana a hanya? Ban ga allo da sunansa ba a duk inda na zaga, abin yana damuna.

Toh mu dawo cikin gari. Ku 'yan kasuwar Balogun da Idumota, masallacin Shitta-Bey yana titin Martins, wasunku a nan kuke azahar. An buɗe shi a 1894, gwamnan Turawa na lokacin ya halarta, Sarkin Musulmi na Santambul ya turo wakili, wani lauya Bature ɗan Liverpool da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, shi ya kawo wa Muhammadu Shitta sarautar Bey ɗin. Magina waɗanda suka dawo daga Birazil ne suka yi aikin, shi ya sa fuskar ginin ba ta yi kama da sauran masallatai ba. Gobe in kun idar ku ɗan tsaya a waje ku ɗaga kai. Sai Freedom Park a titin Broad, tsohon gidan yarin Turawa ne, Herbert Macaulay da Awolowo duk sun kwana a ciki, aka mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010 aka bar alamun ɗakunan fursuna. Ita kuma Obalende da muke cika da shayi da tsire, tsofaffin sojojin Hausawa aka zaunar a can, kuma sojan Najeriya kansa yana ƙirga asalinsa ne daga 1863 lokacin da wani hafsan Turawan Ingila mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a garin nan, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga. Ko mu so abin da aka yi da su daga baya ko mu ƙi, don da irinsu aka ci ƙasashenmu da yaƙi, namu ne dai.

Na Ebute Metta ba zan tsallake shi ba saboda mu mutanen Agege jirgin ƙasa ne ya yi mu. A cikin kwatas ɗin reluwe akwai wani gidan katako mai bene, Jaekel House, an gina shi a 1898, yanzu ɗan ƙaramin gidan tarihi ne, hotuna ne da tsofaffin kayan aikin jirgi. Dogo ya kai Kano a 1911, daga nan gyaɗa da fata da shanu suka riƙa gangarowa, goro yana hawa, kakanninmu suka kafa zango a nan suna ɗaure huhun goro suna lodawa a tasha. Iyayenmu na gaba sun fi ni sanin wannan, ga Alhaji yana gyaɗa kai. Alhaji don Allah in an tashi a bar yaran nan su zauna da kai da waya su ɗauki muryarka, ka faɗa musu yadda ake fiffita goro da ganye da kwana nawa jirgi yake yi kafin ya kai Kano, don babu wannan a bangon kowane gida da na shiga.

Abin da ya sa nake matsa muku, waɗannan wuraren ba su da ƙarfi. A dandalin Tinubu akwai wani gida mai suna Ilojo Bar, ginin 'yan Birazil na wajen 1855, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma ranar 11 ga Satumba 2016, jajiberin babbar sallah muna ta cinikin raguna, aka kawo katafila aka baje shi. Gini mai takardar gwamnati kenan fa, ina ga ɗakin da wani tsoho yake sharewa da kuɗin da baƙi suka ba shi a ƙofa? Na taɓa zuwa wani wuri, ba zan kama suna ba, na tarar da kwaɗo, na jira kusan awa ɗaya kafin mai makulli ya zo, da ya buɗe sai ƙura da yanar gizo-gizo, rufi yana yoyo kan hotuna, na buɗe littafin baƙi na ga wanda ya sa hannu na ƙarshe ya kusa wata biyu. Na juya shafuka baya ina neman suna irin namu, Musa ko Sani ko Hadiza, na ga na Turawa na ga na baƙaƙen Amurka da suka tsallako teku suna neman tushensu, namu sai da ƙyar. Raina bai yi daɗi ba ranar.

In za ku je, ku tafi da yara da iyayensu mata, kar a bar su a gida. Ku riƙe kuɗi a hannu ƙanana don a Badagiri kowane gida da nasa kuɗin shiga, ga na kwalekwale, kuma ku tambayi farashi kafin a fara zagayawa da ku don kar a yi ja-in-ja a ƙarshe. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, gidajen mutane ne wasu, har da kabari a ciki. A ruwa a sa rigar kariya ko da matuƙin ya ce ba komai. Ku sa hannu a littafin baƙi ku rubuta garinku na asali da unguwarku ta nan. Shugaban matasa ya raɗa min ɗazu cewa za a iya haɗa kuɗin bas guda biyu bayan sallah, toh in haka ne a tashi da an idar da asuba saboda gosulon Iyana Iba, a fara da gidan Seriki Abass, a ƙetara Gberefu kafin rana ta take don yashin yana ƙona ƙafa, a dawo a yi azahar a cikin gari. Ni zan zo da yarana. Wanda yake da tambaya ya matso kusa da makirfo, iyaye mata su fara.