Allon Auschwitz da lissafin miliyan 6

Jama'a, akwai hotunan alluna biyu da ke ta yawo a WhatsApp da TikTok. Allunan tunawa ne da aka kafa a sansanin Auschwitz na 'yan Nazi. Ɗaya ya ce mutum miliyan 4 aka kashe a can, ɗayan ya ce kimanin miliyan ɗaya da rabi. Sai a rubuta a ƙasa: tunda an rage nan, me ya hana a rage miliyan 6 na Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka?

Allunan na gaske ne. Inda aka yi ɓatan kai shi ne lissafin.

Ranar 27 ga Janairun 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga sansanin, a ƙasar Poland. Su suka fitar da miliyan 4, bisa kirdadon gawa nawa tandunan ƙonawa ke iya ci a rana. Ku duba tsohon allon da kyau: ko sunan Yahudawa babu a jiki. An cire shi a 1990, bayan faɗuwar kwaminisanci. Binciken masanin tarihi Franciszek Piper ya nuna an kashe kusan miliyan 1.1, kusan miliyan ɗaya cikinsu Yahudawa.

To ga gaɓar. Tun asali ba a taɓa ɗora miliyan 6 a kan wancan allo ba. Ƙasa-ƙasa aka bi: ƙidayar kafin yaƙi da ta bayansa, takardun jiragen ƙasa, da rahotannin da makasan suka rubuta da hannunsu. Tun 1961 lissafin masanin tarihi Raul Hilberg ya kai miliyan 5.1, kuma kusan miliyan ɗaya kacal ya ware wa Auschwitz.

Sauran fa? Akwai wani saƙon waya na Höfle, jami'in rundunar SS ta 'yan Nazi: mutum 1,274,166 aka kai wasu sansanonin kisa huɗu, har da Treblinka, zuwa ƙarshen 1942. Akwai kuma kwarin Babi Yar, gefen Kyiv, inda aka bindige 33,771 cikin kwana biyu a Satumban 1941. Ga waɗanda yunwa da cuta suka ci a unguwannin da aka killace su.

Ni dai abin na min ciwo. Ko mene ne ra'ayinka kan siyasar Gabas ta Tsakiya a yau, yarinyar da aka kashe a sansanin, aka bar ɗan takalminta, ba ta san komai a kai ba.

 Cibiyar tunawa ta Yad Vashem da ke Kudus ta tattara sunayen Yahudawan da aka kashe kusan miliyan 5, ɗaya bayan ɗaya, kuma har gobe ana neman sauran.